Makarantar Kuɗi: Suna Za a Bi, Ko Wadda Ta Dace da Yaro?

Duk shekara idan watan Agusta ya raba, iyaye a Kano, Kaduna, Jos, Abuja da sauran biranenmu sukan shiga lissafi iri ɗaya: ina za a kai yaro idan an koma a Satumba? Magana takan rabu gida biyu. Wasu su ce a kai shi makarantar da ta yi suna ko da za a ci bashi, domin ilimi ba a yi masa rowa. Wasu su ce duk boko ɗaya ne, a sa shi a ta bayan layi a huta. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma mahawarar ta cika ruɗewa saboda ana cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba: suna, inganci da dacewa.

Abin da ake nufi da kalmomin

Makarantar kuɗi, ko makaranta mai zaman kanta, ita ce wadda wani mutum, ƙungiya ko cibiyar addini ta kafa, kuma kuɗin da iyaye ke biya ne ke tafiyar da ita. Sunan ya haɗa abubuwa masu nisa da juna: daga gidan haya mai ɗaki huɗu da aka mayar nazare da firamare, zuwa Islamiyyar da ke haɗa boko da haddar Alƙur'ani, har zuwa makarantar kwana mai wurin ninƙaya da ke kiran kanta intanashinal. Nazare dai ajin share fage ne kafin firamare. Intanashinal kuwa a asali na nufin makarantar da ke bin manhajar wata ƙasa, galibi ta Ingila, ɗalibanta su rubuta jarrabawar Cambridge da ake kira IGCSE. A yau kalmar ta zama ado a allon ƙofa, makarantu da yawa sun lanƙaya ta alhali manhajar Najeriya suke koyarwa. Manhaja ita ce tsarin abin da za a koyar a kowane aji.

Suna shi ne abin da mutane ke faɗa game da makaranta: 'ya'yan wane ne a ciki, nawa ake biya, ɗalibai nawa suka ci jarrabawa bara. Inganci shi ne abin da makarantar ke ƙara wa yaro daga ranar da ya shiga zuwa ranar da ya fita, a karatu da a tarbiyya. Dacewa kuwa tambaya ce game da yaro guda da gida guda: shin wannan makarantar ta yi daidai da halinsa, da matakin karatunsa, da tarbiyyar gidansu, da abin da aljihun iyayensa zai iya ɗauka har ya gama? Makaranta na iya yin suna ba ta da inganci. Tana kuma iya haɗa suna da inganci, amma ba ta dace da ɗanka ba.

Yadda aka zo nan

A Arewa, suna a da na makarantun gwamnati ne. Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta koma Kaduna sannan Zariya, ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello, Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da jihar Kano ta buɗe a 1977 sun samar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, da dama daga cikinsu 'ya'yan manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa. Abin da ke shigar da yaro a lokacin jarrabawa ce, ba kaurin aljihun uba ba.

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976, wato UPE, ya buɗe ƙofa ga miliyoyin yara, amma yawansu ya zarce azuzuwa da ƙwararrun malaman da ake da su. Faɗuwar kuɗin man fetur a shekarun 1980 da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 suka ƙara dagula lamarin: albashi ya riƙa makalewa, yajin aiki ya yawaita, gine-gine suka lalace. Masu hali suka fara janye 'ya'yansu, daga baya masu ƙaramin ƙarfi suka bi sahu. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, bai juya wannan akalar ba. Ƙidayar da aka yi a jihar Legas tsakanin 2010 da 2011 ta gano makarantun kuɗi sama da 12,000, kuma fiye da rabin ɗaliban jihar a cikinsu suke. Biranen Arewa sun bi wannan hanya, tare da wani salo nasu: makarantun da ke haɗa boko, Islamiyya da hadda a wuni guda.

Da kasuwa ta cika haka, uba ba shi da ma'aunin da zai bambance mai kyau da marar kyau, domin karatu ba haja ba ce da ake ɗagawa a duba kafin a biya. Sai ya koma ga abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji: gini, motar ɗaukar yara, yunifom, Turancin da yara ke yi a bakin ƙofa, da sunayen manyan da 'ya'yansu ke ciki. A gaskiya akwai kuma gasa tsakanin dangi da abokan aiki. Sunan makarantar yaro ya zama wani abin kece raini a wajen biki, kuma wannan nauyi ne da yawancin iyaye ke ji ko da ba su furta ba.

Abin da sakamakon jarrabawa ba ya faɗa

Babbar hujjar makaranta mai suna ita ce sakamako: ɗalibanmu duka sun samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC da NECO. Kiredit shi ne makin da jami'o'i ke karɓa, daga C6 zuwa sama. Wannan magana na iya zama gaskiya, amma ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba: su wa makarantar ta ɗauka tun farko?

Makarantar da ke yin jarrabawar shiga mai tsauri tana tace yara ne ta zaɓi waɗanda dama sun yi gaba. Tsadar kuɗinta ma wani rariya ne, domin tana kawo yaran da ke cin abinci mai gina jiki, iyayensu sun yi karatu, akwai littattafai a gida, akwai malamin lesin da ke zuwa da yamma. Wasu makarantun kuma sukan sallami raunanan ɗalibai kafin ajin ƙarshe, ko su hana su rajista da sunan makarantar, don kada su ɓata musu alƙaluma. Mai turken da ya sayo ƙosassun raguna ana saura mako biyu Sallah, da wanda ya ɗauki ramammu ya yi wata shida yana kiwonsu, idan a ranar kasuwa kaɗai aka duba za a yaba wa na farko, alhali na biyun ne ya iya kiwo.

Masana sun auna wannan a ƙasashe da dama ta hanyar kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, tunda kusan ƙoƙarinsu ɗaya. A Amurka, binciken da Abdulkadiroglu, Angrist da Pathak suka wallafa a 2014 kan fitattun sakandaren Boston da New York ya nuna bambancin sakamakon rukunan biyu daga baya kaɗan ne ƙwarai. A shekarar dai, Lucas da Mbiti sun samu kusan haka game da manyan sakandaren ƙasa na Kenya, waɗanda iyaye ke rububi a kansu. Waɗannan duka makarantun gwamnati ne masu zaɓen ɗalibai, ba na kuɗi ba, amma darasin ya shafe mu: kaso mai yawa na sunan makaranta, ɗaliban da ta ɗauka ne suka zo da shi. Adalci ne a faɗi cewa wani bincike irin wannan a Romaniya ya ga ɗan ƙarin maki ga waɗanda suka shiga makarantar da ta fi, don haka ba a ce babu amfani sam ba. Amfanin ne bai kai yadda ake zato ba.

A wajenmu akwai ƙarin matsala: satar amsa. Akwai makarantun da aka sani da cewa duk wanda ya yi rajista a cikinsu sai ya ci, saboda ana rubuta amsa a allo ko a sayi masu sa ido. Hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamako su kuma soke amincewar irin waɗannan makarantu, amma abin bai ƙare ba. Alamarsa a bayyane take: ɗalibi mai A da B a takardar WAEC ya kasa kataɓus a jarrabawar JAMB da ake yi a kwamfuta, ko ya shiga jami'a a kore shi a aji ɗaya. Uban da ya zaɓi makaranta don irin wannan sakamako ya sayi takarda ne, ya kuma koya wa ɗansa cewa maguɗi hanya ce.

Hujjar masu bin suna

Duk da haka, masu fifita suna ba su rasa gaskiya ba. Na farko, suna mai daɗewa ba ya samuwa a banza. Makarantar da ta yi shekara ashirin tana riƙe da amincewar iyaye galibi tana da tsari, tana biyan albashi a kan lokaci, kuma tana tsoron abin da zai zubar mata da mutunci. Na biyu, yaro yana koyo daga abokansa. Ajin da kowa ke da burin zama wani abu yakan ja malalacin yaro sama. Na uku, abotar makaranta takan zama hanya a rayuwa, kuma tarihin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa shaida ne a kan haka.

Akwai binciken da ke ƙarfafa wannan batu na uku. Dale da Krueger sun nuna a 2002 cewa a Amurka, shiga jami'a mai suna ba ya ƙara wa yawancin ɗalibai albashi idan aka kwatanta su da takwarorinsu masu irin ƙoƙarinsu, amma yana amfanar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Ma'ana, wanda ba shi da kowa a sama shi ya fi cin moriyar haɗuwa da masu hanya. Saboda haka idan haziƙin ɗan talaka ya samu tallafin karatu a babbar makaranta, kuma yana da ƙarfin zuciyar zama cikin waɗanda suka fi shi wadata, dama ce da bai kamata a yi wasa da ita ba.

Sai dai a lura: wannan fa'ida ta fi bayyana a babbar sakandare da jami'a. Biyan kuɗi mai nauyi don ɗan shekara huɗu ya yi abota da 'ya'yan manya lissafi ne mai rauni. Abin da yake buƙata a wannan shekarun malama ce mai haƙuri da za ta koya masa haɗa baƙi da ƙirga.

Dacewa: yaron, harshen, gidan, aljihun

Yara ba ɗaya ba ne ko a ɗaki guda. Wani gasa ce ke motsa shi, wani kuwa idan ya ga kullum shi ne a ƙarshen aji sai ya sallama. Masanin halayyar ɗan Adam Herbert Marsh ya daɗe yana nuna, tun daga 1984, cewa yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin ajin zaƙaƙurai yakan raina kansa fiye da wanda ke cikin aji matsakaici. Yaron da ya yanke wa kansa hukunci cewa shi daƙiƙi ne yana da wuyar dawowa. Haka nan yaron da ke da matsalar gani, ji, in'ina, ko wahalar gane haruffa duk da kaifin basirarsa, yana buƙatar ƙaramin aji da malamin da zai lura da shi. Makarantar da hankalinta ke kan kare matsayinta a jarrabawa ba lallai ta yi masa wannan haƙurin ba.

Batun harshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne iyaye suka fi ruɗuwa. Da yawa suna auna makaranta da yadda ɗan nazare ke rera waƙoƙin Turanci, wasu makarantun ma har tara suke ci idan yaro ya yi Hausa. Amma iya furta Turanci daban, fahimtar darasi daban. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda aka raba wa yara guraben makarantun kuɗi ta hanyar ƙuri'a, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna bayan shekara huɗu ba su fi na gwamnati a Lissafi da harshen Telugu ba, ko da yake makarantun kuɗin sun cimma haka da kuɗi kaɗan. Ba ana cewa a guji Turanci ba ne, shi ne harshen jarrabawa da aiki. Abin tambaya shi ne: idan yaron da ya tashi da Hausa bai gane ba, akwai mai yi masa bayani da harshen da yake ji, ko haddace kalmomi kawai yake yi?

Sai tarbiyya da tsarin gida. Iyayen da ke son hadda su tambayi yadda aka raba sa'o'i, domin yaron da ke fita bakwai na safe ya dawo biyar na yamma, ya kuma tarar da aikin gida, yana iya rasa duka biyun saboda gajiya. Nisa ma abin lissafi ne. Ɗan firamaren da ake tashi da asuba don a tsallaka gari da shi cikin cunkoso yana biyan sunan makarantar da barcinsa. Makarantar kwana kuwa, ban da tambayar ko yaron ya isa rabuwa da gida, sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, ya sa wurin da makaranta take da matakan tsaronta sun shiga sahun farko na abin dubawa.

Aljihu shi ne inda ake yawan yaudarar kai. Kuɗin makaranta ba na zango ɗaya ba ne, alƙawari ne na shekara shida ko goma sha biyu, sau yawan 'ya'yan da ke gidan. A kansa akwai kuɗin fom, yunifom, littattafan da ake canzawa, mota, abinci, bikin yaye ɗalibai da rajistar jarrabawa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, makarantu sun yi ta ƙarin kuɗi, masu jarrabawar ƙasashen waje kuma abin ya fi tsanani a kansu. Yaron da ake kora gida duk zango saboda bashi, ko aka cire shi a tsakiyar tafiya, ya yi asarar da ta fi ta wanda ya zauna lafiya a matsakaiciyar makaranta. Akwai kuma maganar adalci tsakanin 'ya'ya, musamman a gidan da ke da mata fiye da ɗaya, da kuma al'adar kai namiji mai tsada a bar mace a mai araha. Irin wannan bambanci yara ba sa manta shi.

Dacewa ba uzurin karɓar ko wace iri ba ce

A nan masu cewa duk boko ɗaya ne suke kuskure. Akwai ƙa'idar da ba a sauka ƙasa da ita, ko makarantar ta kai kusa da araha. Dole ta kasance da rajistar ma'aikatar ilimi ta jiha. Idan sakandare ce, ta zama cibiyar da WAEC, NECO ko hukumar NBAIS mai kula da jarrabawar Larabci da addinin Musulunci suka amince da ita, ba wadda za ta kwashi yara zuwa wani wuri a ajin ƙarshe ba. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma akwai hukumar rajistar malamai ta TRCN da aka kafa da doka a 1993. Manufar ilimi ta ƙasa ta ɗora malami ɗaya a kan yara 35 a firamare. Banɗaki, ruwan sha da katanga ba kayan alatu ba ne.

Amana ta fi duk waɗannan. Kisan wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano, wanda kotu ta samu mai makarantarsu da laifinsa a 2022, ya sa gwamnatin jihar ta soke lasisin dukan makarantun kuɗi don a sake tantance su. Abin da ya fito fili shi ne iyaye da yawa ba su san komai game da mutanen da suke miƙa wa 'ya'yansu kullum ba. Cin zali da cin zarafi ba su san tsada ko araha ba, kuma makarantar da ta fi damuwa da sunanta tana iya fin kowa son rufe magana.

Abin da ziyara ke nunawa

Gani ya kori ji. Ranar da makaranta ta shirya don baƙi ba ta nuna komai sai abin da ake so a gani. A je ranar karatu, a nemi izinin leƙa aji. A karɓi littafin rubutun wani ɗalibi a duba: ana gyara masa kuskure, ko alamar maki kawai ake yi? A saurara ko yara na yin tambaya, ko maimaitawa kawai suke yi a bayan malami.

Tambayar da ta fi tona asirin makaranta ita ce: malaman nan shekara nawa suka yi a nan? Makarantu da yawa, har da masu kyan gini, suna biyan malamai ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wasu ba sa biya lokacin hutu. Inda haka take, malami na jiran wata dama ce ya tafi, yaro ya ga malamin Lissafi uku a shekara guda. Daga nan a tambayi hukumar makarantar abin da take yi wa yaron da ya gaza: ƙarin darasi, ko kiran uba a ce ya nemi mai lesin? A tambayi yara nawa suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare, nawa daga cikinsu suka rubuta jarrabawar fita da sunan makarantar. A nemi iyayen da suka cire 'ya'yansu a ji dalili, domin sun fi masu ciki sakin baki.

Abin da zai biyo baya

Idan iyaye suka ci gaba da saka wa gini da talla, masu makarantu za su ci gaba da zuba kuɗi a fenti da allon talla su bar malami da yunwa, domin kasuwa abin da ake saye take kawowa. Idan suka koma tambayar albashin malamai da littafin yara, lissafin mai makaranta zai canza. Hukumomin ilimi na jihohi za su iya sauƙaƙa wannan ta hanyar wallafa jerin makarantun da ke da rajista da rahoton masu duba makarantu a inda kowa zai gani. Akwai kuma illar da ta fi faɗi: duk lokacin da masu faɗa a ji suka kwashe 'ya'yansu, makarantar gwamnati na rasa masu tsaya mata, alhali ita ce ke ɗauke da mafi yawan yaran Arewa.

Zaɓi kuma ba ya ƙarewa ranar da aka biya kuɗi. A zango biyu na farko a lura: yaron na iya karanta abin da bai taɓa gani ba ya faɗi ma'anarsa? Yana ba da labarin makaranta da kansa, ko ciwon ciki ke kama shi duk safiyar Litinin? Idan alamu suka nuna an yi kuskure, a fara zama da malamin aji da shugaban makaranta. Idan ba a ga canji ba, a sauya a ƙarshen shekarar karatu, kuma gara a yi hakan a mahaɗar matakai, wato bayan aji shida na firamare ko aji uku na ƙaramar sakandare. Sauyi a cikin babbar sakandare ya fi wahala, saboda makin gwaje-gwajen cikin aji na waɗannan shekaru makarantar ce ke tura wa hukumar jarrabawa. Inda kuwa aka ga alamar duka mai rauni ko cin zarafi, ba a jiran ƙarshen zango.